Rubuta Kiɗa da Kwamfuta: Abin da Ya Kamata Mai Farawa Ya Sani

A ranar 26 ga watan Agusta na shekarar 2024 ne kamfanin MakeMusic na ƙasar Amurka ya ba da wata sanarwa wadda ta tayar da hankalin masu rubuta kiɗa a ƙasashe da dama. Sanarwar kuwa ita ce kamfanin ya daina sayar da Finale, watau manhajar kwamfuta wadda mawallafan kiɗa da malaman makarantu da shugabannin mawaƙan majami'u suke rubuta ayyukansu da ita tun daga shekarar 1988. Kamfanin ya ce ba zai ƙara yi mata gyara ba, taimakon da yake bai wa masu aiki da ita kuma zai ƙare a watan Agusta na 2025. Mutumin da ya tara ɗaruruwan waƙoƙi a cikin fayilolin wannan manhaja sai ya wayi gari dukiyarsa tana cikin akwatin da maƙerin makullinsa ya rufe maƙera.

Hausawa kan ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. A ƙasar nan akwai mutane da yawa waɗanda aikinsu ke bukatar rubutaccen kiɗa, kamar 'yan badujalar soja da ta 'yan sanda, da mawaƙan majami'u, da ɗaliban sassan nazarin kiɗa na jami'o'i da kwalejojin horon malamai, har ma da samarin da ke haɗa kiɗan finafinai. Duk wanda zai fara wannan aiki da kwamfuta a cikinsu, ya kamata tun ranar farko ya riƙe abu biyu a zuciyarsa: yadda zai shigar da kiɗansa cikin na'ura, da yadda zai fitar da shi idan rana ta ɓaci.

ASALIN RUBUTUN KIƊA

Rubutun kiɗa na Turawa an gina shi ne a kan layuka biyar da aka shimfiɗa a kwance, ɗaya bisa ɗaya, kamar matakan tsani. A kan waɗannan layuka da kuma tsakaninsu ake ɗora ɗige-ɗige. Ɗigon da ke sama yana nuna murya ta hau, wanda ke ƙasa kuwa yana nuna ta sauka. Siffar ɗigon ita ke nuna tsawon lokacin da za a riƙe amon. Buɗaɗɗen ɗigo mai kama da ƙwai, wanda ba shi da sanda, bugu huɗu ne a lissafin da aka fi sabawa da shi. Idan aka sa masa sanda ya zama bugu biyu. Idan aka cike shi da tawada ya zama bugu ɗaya, idan kuma aka ƙara wa sandar wutsiya guda, ya koma rabin bugu. Ana kuma yanka layukan da ƙananan layuka na tsaye, kowane yanki ya zama gida guda mai ɗauke da adadin bugu daidai da na maƙwabcinsa.

Wanda ake danganta wa kafa tushen wannan tsari shi ne wani malamin addinin Kirista na ƙasar Italiya mai suna Guido, mutumin Arezzo, wanda ya yi aikinsa wajen shekarar 1025. A zamaninsa mawaƙin majami'a kan shafe kusan shekara goma yana haddar waƙoƙi daga bakin malami, kuma duk abin da malamin ya mance ya tafi ke nan. Guido ya shimfiɗa layuka domin yaro ya dubi takarda ya rera waƙar da bai taɓa jin ta ba. Tun daga can manufar rubutun kiɗa ita ce waƙa ta wuce mai ita, ta isa ga wanda bai san shi ba.

A shekarar 1501 wani maɗaba'i mai suna Petrucci ya buga littafin kiɗa mai muryoyi da yawa a birnin Banis. Daga baya aka koma sassaƙa alamomin a kan farantin ƙarfe, a juye, daga dama zuwa hagu, sana'ar da mutum kan yi shekaru yana koyo. Wanda ba shi da halin zuwa maɗaba'a kuwa sai alƙalami da tawada. A Nijeriya hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ta do, re, mi, wadda wani limamin Kirista na Ingila mai suna John Curwen ya bunƙasa a ƙarni na 19 bisa aikin wata malama mai suna Sarah Glover. 'Yan mishan ne suka kawo ta, ta kuwa sami karɓuwa domin haruffa ne kawai da 'yan alamomi, ana iya rubuta su a allo ko a buga su da tafireta.

Wahalar aikin hannu tana fitowa fili ne idan kayan kiɗa sun yi yawa. Alal misali, a ranar 29 ga watan Mayu na 2024 aka mayar da taken ƙasa na 1960, ya maye gurbin wanda aka fara amfani da shi a 1978, wanda Benedict Odiase, shugaban badujalar 'yan sandan Nijeriya na wancan lokaci, ya tsara kiɗansa. Sauyi irin wannan yana nufin kowane mabushi a cikin badujala sai an ba shi takardarsa ta daban, mai ɗauke da nasa rabon kaɗai. Da hannu aikin kwanaki ne, kuskure ɗaya kuma yana iya jawo a sake shafi guda. Da manhaja kuwa, sau ɗaya ake rubuta babbar takarda, na'ura ta ware wa kowa nasa.

WACE ZA A ZAƁA?

Bayan Finale, wadda ta yi suna ita ce Sibelius. Wasu tagwaye 'yan Ingila, Ben da Jonathan Finn, su ne suka fito da ita a 1993, suka ba ta sunan wani mashahurin mawallafin kiɗa na ƙasar Finlan. Kamfanin Avid na Amurka ya saye ta a 2006, sa'an nan a 2012 ya rufe ofishinta na Landan. Ma'aikatan da aka sallama sai kamfanin Steinberg na Jamus ya ɗauke su, suka ƙera wata sabuwa mai suna Dorico wadda ta fito a 2016. Waɗannan biyu na kuɗi ne, ko da yake kowacce tana da ƙaramar ƙanwa ta kyauta wadda aka ƙayyade mata yawan kayan kiɗan da za ta ɗauka. Wannan tarihi kaɗai ya isa ya nuna cewa manhaja haja ce ta kasuwa, ana sayar da ita, ana sauya mata iyayengiji, ana kuma iya binne ta.

Ga mai farawa, musamman wanda aljihunsa bai da nauyi, wadda ta fi dacewa ita ce MuseScore. Wani Bajamushe mai suna Werner Schweer ne ya fara ta a 2002, cikakken bugunta na farko ya fito a 2011, na huɗu kuma a watan Disamba na 2022. Kyauta ce, ba a ƙayyade mata yawan layuka ba, tana aiki a kan kwamfuta mai Windows ko Mac ko Linux, kuma da zarar an ɗora ta ba ta bukatar intanet. Wani muhimmin abu shi ne asirin yadda aka ƙera ta a buɗe yake ga kowa, saboda haka ko masu kula da ita sun janye, wasu na da ikon ɗauka su ci gaba. Sai dai a lura da abu biyu. Akwai dandalin ajiyar waƙoƙi mai irin wannan suna wanda ke karɓar kuɗin rajista, shi daban ne, mai son rubutu kawai ba ya bukatarsa. Haka nan wadda ake sa wa a wayar hannu da wannan suna ta karatu ce da saurare, rubutu sai a kwamfuta.

RANAR FARKO

Babban kuskuren mai koyo shi ne ya fara da babban aiki. Abin da ya fi shi ne ya zaɓi gajeriyar waƙa wadda ya haddace sarai, mai murya ɗaya, wadda ba ta wuce gida takwas ko goma sha shida ba. Ya fara rubuta ta a takarda da fensir, ko da a do, re, mi ne, domin idan na'ura ta maimaita masa ya gane ko an yi daidai.

Da ya buɗe sabon shafi, manhajar za ta yi masa 'yan tambayoyi: wane kayan kiɗa ko wace murya, a kan wane amo waƙar ta zauna, bugu nawa ne a kowane gida, da kuma saurin tafiyarta. Mai aikin majami'a zai tarar an riga an shirya masa shafi mai muryoyi huɗu, biyu na mata, biyu na maza. Idan ya amsa tambayoyin sai ya ga layuka sun shimfiɗu, kowane gida da alamar shiru a cikinsa.

A MuseScore ana danna harafin N domin a shiga yanayin rubutu. Daga nan ƙa'ida ɗaya ce: a fara zaɓen tsawon amo, sa'an nan a faɗi sunansa. Lamba 7 ita ce bugu huɗu, 6 bugu biyu, 5 bugu ɗaya, 4 rabin bugu, 3 kuma rubu'in bugu. Sunayen amo kuwa haruffa bakwai ne, daga A zuwa G. Wanda ya danna 5 ya bi da C, D, E, ya rubuta amo uku masu hawa, kowanne bugu ɗaya. Sifiri shi ne shiru. Alamar aya tana ƙara wa amo rabin tsawonsa. Kibiyar sama da ta ƙasa suna ɗaga amo ko su sauke shi da rabin taki, idan kuma aka haɗa su da Ctrl sai amon ya tsallaka zuwa takwaransa na sama ko na ƙasa. Idan an gama a danna Esc a fita, a danna dogon maɓallin nan na ƙasa, na'ura ta kaɗa abin da aka rubuta. Kuskure kuwa ba abin tsoro ba ne, Ctrl da Z suna mayar da hannun agogo baya.

Ana iya yin duk wannan da linzamin kwamfuta, amma wanda ya saba da maɓallai tun farko ya fi sauri ƙwarai da gaske. Mai fiyano na lantarki kuma yana iya haɗa ta da kwamfuta ta hanyar nan da ake kira MIDI, wadda kamfanonin kayan kiɗa suka amince da ita tun 1983, ya riƙa zaɓen tsawo da hannu ɗaya yana taɓa amo da ɗayan.

Wanda ya taso da do, re, mi tilas ne ya koyi 'yar fassara, domin waɗannan manhajoji a kan layuka biyar aka gina su. Idan waƙa ta zauna a kan C, to do shi ne C, re D, mi E, fa F, so G, la A, ti kuma B. Idan ta zauna a kan G, do ya koma G, sauran su bi shi a jere, haka nan idan a kan F ne. Muddin an faɗa wa manhaja mazaunin waƙar tun a tambayar farko, ita za ta kula da amon da ke bukatar ɗagawa ko saukewa.

Baitoci kuwa ana sa su ne bayan an gama ɗige-ɗige. A zaɓi ɗigon farko, a danna Ctrl da L, a rubuta gaɓar farko. Karan ɗori yana kai mutum ga gaɓa ta gaba a cikin kalma ɗaya, dogon maɓalli kuma ga sabuwar kalma. Mai rubutu da Hausa ya gwada ɓ da ɗ da ƙ tun kafin ya yi nisa, domin ba kowace ƙirar haruffa ce ke da masu lanƙwasa ba. Idan suka fito kamar 'yan akwatuna sai ya sauya ƙira.

INDA AKE TUNTUƁE

Abin da ya fi rikita sababbin shiga shi ne manhajar ba ta yarda gida ya zauna da giɓi ko ya yi ambaliya. Gidan bugu huɗu dole ya cika huɗu. Idan aka gajarta wani amo sai alamar shiru ta cike gurbin, idan aka tsawaita shi sai ya haɗiye na gabansa. Mai koyo kan zaci na'ura ce ta lalace, alhali kuwa lissafi take yi masa.

Na biyu shi ne zaɓen lissafin bugu. Kiɗa da yawa na ƙasar nan, na gargajiya da na majami'a, bugunsa kan rabu uku ne maimakon biyu. Irin wannan da 6/8 ko 12/8 ake rubuta shi. Wanda ya tilasta shi cikin 4/4 zai ga shafinsa ya cika da ƙananan lambobi da ƙulle-ƙulle waɗanda mawaƙi ba zai iya karantawa ba. Maganin abin shi ne mutum ya tafa hannu yana rera waƙar, ya ƙirga ko kowane tafi ya ɗauki amo biyu ne ko uku, kafin ya taɓa kwamfuta.

Na uku ya shafi 'yan badujala. Wasu kayan busa, kamar ƙahon nan da ake kira tarampet da sarewar kilarinet, idan mabushi ya ga C a takarda ya busa, abin da zai fito ya gaza na fiyano da cikakken taki guda. Saboda haka ake rubuta musu nasu da taki guda a sama. Manhaja tana yin wannan da kanta muddin an zaɓi kayan kiɗan da sunansa. Wanda ya ɗauki layin fiyano ya sauya masa suna kawai, ranar gwaji zai ji abin da bai shirya ba.

Na huɗu, na'ura ba ta numfashi, ba ta gajiya. Za ta kaɗa amon da ya fi ƙarfin maƙogwaron ɗan Adam, ta kuma ja layi mai tsawo ba wurin shaƙar iska, ta yi shi cikin daɗi. Don haka duk abin da aka rubuta domin mutane, a kai wa mutane su gwada. Kyan shafi bai tabbatar da kyan kiɗa ba, manhajar magatakarda ce mai kyan hannu, abin da aka shifta mata shi take rubutawa.

KALANGU DA GOGE

Wani zai tambaya ko za a iya rubuta kiɗan Hausa da wannan hanya. Ana iyawa, amma da iyaka, kuma ya kamata mai farawa ya san iyakar. Tsarin Turawa ya raba tazarar da ke tsakanin do na ƙasa da do na sama gida goma sha biyu daidai wa daida. Goge da kukuma ba su da waɗannan gidaje, yatsan makaɗi yana zamewa ne a kan tsirkiya ya tsaya inda kunnensa ya ce. Mai kalangu kuma yana matsa tsirkiyoyi da hammata, amon ya hau ko ya sauka a cikin bugu ɗaya, yana kwaikwayon maganar mutum. Akwai alamomin zamiya da na rubu'in taki a cikin manhajojin, sai dai kusantarwa suke yi.

Har ila yau Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan ido da kukar miya haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne suka raba su. Tsawon wasali ma yana sauya ma'ana, kamar garin da ake zama da garin tuwo. Mawaƙin gargajiya yana kiyaye waɗannan ba tare da ya yi tunani ba, amma mai ɗora baiti a kan ɗige-ɗige yana iya sa gajeriyar gaɓa a kan dogon amo, ko ya hau da murya inda kalma ke sauka, waƙa ta fito kamar bakin baƙo. Na'ura ba za ta tsawata masa ba, domin ba ta jin Hausa.

Duk da haka rubutun yana da amfani. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, Ɗanmaraya Jos mai kuntigi a 2015. Faifai da kaset da ma'ajiyar gidajen rediyo sun riƙe muryoyinsu, littattafai kuma sun riƙe baitoci masu yawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne takardar da za ta nuna wa ɗalibi yadda amshi ke shiga bayan jagora, ko yadda kalangai ke raba bugu a tsakaninsu. Mai son yin wannan ya ajiye rubutunsa tare da muryar da ya ɗauko daga gare ta, ya rubuta sunan mai waƙar da inda ya samo, ya kuma nemi izinin magada kafin ya buga domin sayarwa.

AJIYA MAGANIN WATA RANA

A nan ne darasin Finale yake. Kowace manhaja tana da irin fayil ɗinta wanda ita kaɗai ke buɗewa sosai. Dorico, wadda kamfanin MakeMusic ya shawarci abokan cinikinsa su koma gare ta a kan farashin rangwame na dala 149, ba ta buɗe fayilolin Finale kai tsaye. Hanyar tsira ita ce MusicXML, watau wani harshe na bai ɗaya wanda wani Ba'amurke mai suna Michael Good ya ƙirƙira, bugunsa na farko ya fito a 2004, kuma tun 2015 yana hannun wani kwamiti na ƙasa da ƙasa. Kusan duk manyan manhajojin suna karanta shi suna kuma rubuta shi. Waɗanda suka juya ayyukansu zuwa gare shi sun ƙaura da kayansu, ko da yake tsarin shafi kan bukaci gyara bayan ƙaura.

Saboda haka duk waƙar da aka gama, a ajiye ta iri uku. Na farko fayil ɗin manhajar kanta, domin gyara. Na biyu MusicXML, domin ƙaura. Na uku PDF, wanda hoton shafi ne da kowace kwamfuta da waya ke buɗewa, a kuma buga shi a takarda a sa a cikin jaka. Fayil ɗin MIDI shi kaɗai bai isa ba, domin amo da lokaci yake riƙewa, yana zubar da mafi yawan tsarin shafi. A ba kowane fayil suna bayyananne da shekara, a kuma kwafe su a wani wuri dabam da kwamfutar, domin sata da gobara da lalacewar na'ura ba sa sallama. A inda wutar lantarki ke ɗaukewa ba gargaɗi, danna Ctrl da S bayan kowane layi ya kamata ya zama ɗabi'a.

Idan aikin na ƙungiya ne, kamar majami'a ko makaranta ko bariki, kada a bar shi a kwamfutar mutum ɗaya. Shugaban mawaƙa kan yi ƙaura, malami kan yi ritaya, soja kan sami canjin wurin aiki. Kwafi ɗaya ya zauna a ofis, a kuma koya wa aƙalla mutum biyu yadda ake buɗe shi.

Mai karatu da ke da kwamfuta da gajeriyar waƙa a ka yana iya gama shafinsa na farko a yini guda. Ya buga shi, ya miƙa wa wani mai karatun kiɗa wanda bai taɓa jin waƙar ba. Idan wancan ya rera ta daidai, to hannu ya fara faɗawa, sai a ƙara murya ta biyu. Sannu ba ta hana zuwa.